Lasin Rediyo Da Talabijin: Dokar Da Ta Tsaya A Bakin Zaure

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko kuwa ta Bichi, zai ga ƙasa ce wadda gona ke manne da gona, gida na kallon gida, babu wani dajin kirki a tsakani. Da wuya a sami gidan da babu akwatin rediyo a wannan yanki. Manomi yakan rataya tasa a reshen gawo yana huɗa. Talabijin kuwa, ko inda wutar lantarki ba ta kai ba, faranti mai zuƙar hasken rana ya kai ta.

Abin da akasarin waɗannan mutane ba su sani ba, ko kuwa suka sani suka kau da kai, shi ne bisa doka akwai kuɗin lasin a kan akwatunan nan. Tsarin Mulki na 1979 ya lissafa karɓar lasin rediyo da talabijin cikin ayyukan ƙananan hukumomi, na 1999 kuma ya maimaita. Watau ke nan majalisun Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, da ma dukkan ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, suna da ikon neman wannan kuɗi. To, amma a ƙauye samun mai riƙe da rasiɗinsa sai an tona.

Biyan kuɗin sauraro ba baƙon abu ba ne a Kano. Lokacin da Turawa suka kawo rediyo mai waya birni a 1944, mai akwati yakan biya, in ya ƙi a yanke masa waya. Zuwan ƙaramar rediyo mai batir shi ya warware wannan igiya, gama babu wayar da za a yanke. Daga nan kuma siyasa ta shigo. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawan karkara suka ɗauki wannan a matsayin 'yancin da suka daɗe suna nema tun zamanin NEPU. Dattawan da suka ga yadda ake tsare magidanci a ƙofar dagaci saboda haraji har yanzu suna da rai, sun kuma ba 'ya'yansu labari. Duk wani kuɗi da za a bi gida gida ana nema, kome sunan da aka laƙaba masa, haraji suke jin sa.

Har wa yau Rimin ne ya kafa wa jihar gidan talabijin nata, CTV, a 1982, domin a lokacin NTA tana hannun Gwamnatin Tarayya ta jam'iyyar NPN, shi kuwa ɗan PRP ne. Gidan, wanda yanzu ake kira ARTV, da kuɗin baitulmali aka gina shi, da su ake biyan ma'aikatansa.

A nan ne gizo ke saƙa. A Ingila kuɗin lasin, wanda ya kai fam 174.50 a 2025, shi ke riƙe da BBC, mai biya ya san inda kuɗinsa za su. A Nijeriya ko mutum ya biya, kuɗin asusun ƙaramar hukuma za su faɗa, ita kuwa ba ta da gidan rediyo, ba ta da na talabijin. Ko kwabo ba lalle ya isa Rediyon Kano ba. An so a gyara da Doka mai lamba 55 ta 1999, wadda ta ba Hukumar NBC ikon karɓa, amma Tsarin Mulki ya fi ƙarfinta, maganar ta tsaya nan. Saboda haka gidajen gwamnati suka dogara ga kason gwamnati da tallace-tallace, kowa kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Manomin da ke son a faɗi cewa taki bai iso garinsu ba yakan murɗa akwatinsa zuwa tashoshi masu zaman kansu, irin su Freedom da ta buɗe a 2003, ko kuwa sashen Hausa na BBC, wanda bai taɓa neman ko sisi a wurinsa ba.

Kada a ce rowa ce. Samarin ƙauyukan nan sukan biya a ƙofar gidan kallo don su ga ƙwallon Turai, ba mai tilasta su.

Maƙwabta sun gwada dabaru. A Jamhuriyar Nijar an cusa kuɗin cikin takardar wutar lantarki. A Gana an ware kotuna don masu ƙin biya a 2018, jama'a suka yi ca a kai. Faransa ta soke nata lasin ɗungum a 2022.

Ko da wata majalisa a arewacin Kano ta ɗaura aniyar karɓa, akwai shingen da doka ba ta hango ba. Talabijin a gidan Bahaushe ba a zaure take ba. Sau da yawa tana cikin kayan ɗakin amarya, iyayenta suka saya mata, tana can ƙuryar gida. Ma'aikacin kuɗin shiga kuwa namiji ne baƙo, iyakarsa ya yi sallama a waje ya jira. In maigida ya fito ya ce babu, sai dai a nemi mai unguwa ya ba da shaida, shi kuma mai unguwa da mutanen nan zai yi sallar magariba.