Warin Da Turaren Wuta Ba Ya Kashewa

Duk wanda ya tashi a Bawku ko Maraɗi ko karkarar Katsina ya san bodari, ko da bai taɓa ganinsa da ido ba. Bai kai kyanwa girma ba, baƙi ne mai ratsin fari a gadon baya, kuma da dare yake fita neman ɓera da ƙwari da ƙwan tsuntsu. Ba shi da ƙarfin yin faɗa da kare. Idan kare ya matsa masa, sai ya juya baya, ya ɗaga wutsiya, ya feso wani ruwa mai maiƙo daga wasu 'yan jakunkuna biyu da ke gefen duburarsa. Daga nan farauta ta tashi. Kare zai dawo gida yana murza fuska a ƙasa, ido na hawaye, mutanen gida kuma su yi ta korarsa kwana da kwanaki.

A Nima da Maamobi na birnin Akara ba a cika jin labarin bodari ba, domin shi ɗan fili ne da ciyawa, ba ya son cunkoson birni. Amma dangin warinsa suna nan tare da mu. Suna cikin babbar kwatar Nima da ke gangarawa ta haɗu da kogin Odaw, ta zube a tafkin Korle. A da suna cikin tulin ruɓaɓɓiyar albasar da kowa ya sani a bayan rumfunan Agbogbloshie, kafin a tashi 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku a watan Yulin 2021. Suna jikin karen gadin 'yan gwangwan da ya kwance cikin dare ya je ya yi birgima a kan mushe. Abin da ya haɗa su duka shi ne farar wuta.

Farar wutar da ake sayarwa a kasuwa, dunƙule mai ruwan ɗorawa, ba ta da wani wari na a zo a gani. Idan ta haɗu da haidurojin kuwa sai ta zama bala'i. Ƙwayoyin cutar da ke rayuwa a ƙasan kwata, inda iska ba ta kaiwa, su ke fitar da iskar nan mai warin baragurbin ƙwai. A jikin dabbobi kuma akwai wasu sinadarai masu farar wuta da masana ke kira tayol, waɗanda hancin ɗan Adam ke iya ji ko da 'yan ƙwayoyi ne cikin biliyan na iska. Inda aka fi bincikar su shi ne Amurka, saboda can akwai wata dabba mai kama da bodari a launi da ɗabi'a, sikank, wadda ke iya fesa ruwanta nisan kusan mita uku, kuma tana shiga har bayan gidaje. Zuriyarsu ba ɗaya ba ce da bodarinmu, sinadaran ma sun ɗan bambanta, amma makamin iri ɗaya ne: mai da farar wuta.

Wani masanin sinadarai, William Wood na Jami'ar Humboldt a Kalifoniya, ya warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masu karnuka kai. Za a wanke kare, wari ya lafa, bayan mako guda ruwan sama ya taɓa shi, wari ya dawo sabo fil. Wood ya nuna cewa a cikin feshin akwai wasu sinadarai da warinsu bai kai na tayol ba, suna maƙalewa a gashi, kuma da zarar sun sha ruwa sai su riƙa rikiɗa a hankali suna zama tayol. Ke nan wanda ya ɗauki bokiti ya sheƙa wa kare ruwa bai rage komai ba. Ya watsa man zuwa sauran jiki ne kawai, ya kuma tayar da wanda ke kwance.

Maganin da ya yi suna ya fito ne daga wani ma'aikacin sinadarai a jihar Illinois, Paul Krebaum, wanda ya wallafa shi a mujallar Chemical & Engineering News a 1993. Shi a wurin aikinsa yana amfani da haidurojin feroksaid ne wajen kashe warin farar wuta, sai ya sassauta haɗin yadda jikin dabba zai ɗauka. Ana samun kusan lita ɗaya ta haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, rubu'in kofi na bekin soda, da cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke. Sabulu ya narkar da mai, soda ta zaburar da feroksaid, iskar oksijin da ta fito kuma ta kama farar wutar ta mayar da ita wani sinadari marar wari da ruwa ke iya tafiya da shi. Ba rufe warin aka yi ba, an canza abin da ke yin sa.

Akwai wuraren da mutum zai yi tuntuɓe a nan Akara. Feroksaid ɗin da ke kantunan maganinmu, wanda ake zuba wa ciwo ya yi kumfa, sau da yawa mai kashi 6 ne, don haka a duba jikin kwalba. In shi ne, a haɗa shi da ruwa daidai wa daida. Bekin soda ake nema, ba bekin foda na masu kek ba. Kada kuma a ce ai kanwa ma soda ce: ta fi kaifi, tana iya cin fata. Kafin a jiƙa kare a fara dangwale man da tsumma ko tsohuwar jarida. Sai a cuɗa haɗin cikin gashi tun yana kumfa, a kauce wa ido da baki da cikin kunne, a bar shi kamar minti biyar, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Baƙin kare zai iya yin ɗan ja-ja, wannan ba ciwo ba ne. Abin da ya rage a bokiti a zubar nan take. Duk wanda ya ɗura shi a gora ya rufe don gobe, gorar za ta kumbura ta fashe, dalilin da ya sa ke nan ba a sayar da shi a haɗe.

A gidajenmu, da yake manya da yawa ba sa son taɓa kare, yaro ake turawa wannan aiki. Ban ga hikimar haka ba. Karen da ido ke masa zafi yana iya cizon mai shi, balle yaron maƙwabta. Babba ya sa safar hannu ta roba ya yi da kansa, a waje, ba a banɗakin da gida duka ke shiga ba. Idan an ga rauni a jikin karen alamar ya yi faɗa da naman daji, maganar ta wuce wari, ta koma ta ciwon haukan kare, sai likitan dabbobi. Wanda kare ya ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu tsawon minti 15, ya wuce asibitin Maamobi ko wanda ya fi kusa a ranar, kada ya tsaya jiran ya ga yadda karen zai kasance.

Amurkawa sun daɗe suna wanke karnukansu da ruwan tumatir, suna rantsuwa yana aiki. Ba ya yi. Hanci ne ke gajiya: in ya daɗe yana shaƙar wari ɗaya sai ya daina kai rahotonsa, ya kama sabon ƙamshin da ya shigo. Mai wanka ya ji tumatir ya ce an gama, baƙon da ya shigo daga waje kuwa ya toshe hanci. Kafin mu yi musu dariya, mu dubi namu. Ɗaki guda ne a gidan haya, taga ɗaya, ita ma labule ya rufe ta. An sa wa ɓera guba, ya ci ya hau silin ya mutu. Kwana uku sai ɗaki ya ɗauka. Uwar ɗaki ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba turaren wuta mai tsada, ta rufe ƙofa don hayaƙi ya kama. Da yamma 'yarta ta dawo daga makaranta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mma, har yanzu fa yana nan." Ita kuwa ta ce, "Ke dai hancinki ya cika tsegumi." Yarinyar ce ke da gaskiya. Sai an ɗaga silin an fitar da mushen, an goge wurin.

Haka ma jaɓa, wadda ta fi bodari zama maƙwabciyarmu. Ba ɓera ba ce, ƙwari take ci, kyankyaso ne ke jawo ta ɗaki, warinta kuma daga wasu ƙullutai ne a gefen cikinta, tana gogawa a duk inda ta bi. A toshe ramin ƙasan ƙofa da bakin magudana, a rage kyankyaso, za ta sauya hanya.

Sauran aikin gida ba shi da wuya. Tufafi da shimfiɗu a wanke da omo da ɗan bekin soda, a shanya a rana sosai. Katifa ma ta sha rana. Daɓen siminti da tsakar gida a wanke da bilic ɗin da muke kira Parazone, a tsarma shi da ruwa, domin shi ma ƙona farar wuta yake yi kamar feroksaid, sai dai ba a kai shi jikin dabba. Kada a gauraya shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari don a ƙara masa ƙarfi. Iskar da ke tashi tana ƙona huhu, a ƙaramin banɗaki kuwa tana iya kayar da mutum. A buɗe taga da ƙofa, a sa fanka ta fuskanci waje.

Wari ɗaya ne daga wannan dangi da aka sa shi da gangan. Gas ɗin girki ba shi da wari na kansa. A watan Maris na 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas ba wanda ya ji, ya fashe ya kashe mutum kusan 300, yawancinsu yara. Bayan nan aka fara tilasta zuba ɗan tayol a cikin gas, kuma shi ne warin da ke fita daga tukunyar gas ɗin da ke kusurwar ɗakinki in roba ta tsage. Mutanen Akara da suka ga wutar Atomic Junction a watan Oktoban 2017 sun san abin da gas ke yi. To a gidan da aka saba tarar kowane wari da kaskon garwashi, nan haɗarin yake. In wari ya yi kama da ruɓaɓɓen kabeji ko ƙwai kuma ya fi ƙarfi kusa da tukunyar, kada a kawo wuta, kada a taɓa makunnin lantarki ko don kashewa. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda jariri ke barci a tabarma. In ana son gano inda yake tsiyaya, a shafa ruwan sabulu a jikin robar da bakin tukunyar, wurin zai yi kumfa.