Gaisuwa a Bakin Wanda Magana Ta Ɗauke Masa

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira afasiya, watau mutum ya rasa ikon sarrafa harshensa saboda rauni a ƙwaƙwalwa, galibi bayan shanyewar ɓarin jiki. Ba kurumci ba ne, ba kuwa taɓin hankali ba. Abin da ya sa ya shafi mai nazarin harshe shi ne, maganar ba ta rushewa gaba ɗaya. Wani sashe yakan faɗi, wani ya tsaya daram, kuma sashen da ke tsayawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

A cikin 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda ya shekara 21 a asibitin Bicêtre. Mutumin nan yana fahimtar abin da aka gaya masa, amma ko me aka tambaye shi ba ya iya cewa komai sai "tan", har mutanen asibitin suka laƙaba masa sunan Tan. Sai fa in ransa ya ɓaci, sa'an nan ashar ta fito daga bakinsa cikakkiya. Da ya mutu Broca ya buɗe ƙwaƙwalwarsa, ya sami raunin a gaba, wajen hagu. Masu irin wannan rauni maganarsu da kyar take fita, kalma ɗaya ɗaya, sunaye tsirara, ba ƙananan kalmomin nan masu ɗaure jimla. A 1874 kuma Carl Wernicke, Bajamushe, ya bayyana wani iri dabam. Raunin na can baya, magana tana zuba kamar ruwa, da karinta da komai, amma ba ma'ana, shi mai yinta kuwa sau da yawa bai san haka ba.

To, wanda ya fi kowa lura da zancen ashar ɗin nan shi ne John Hughlings Jackson na Ingila. Ya raba magana biyu: wadda mutum ke ƙerawa sabuwa don ya faɗi wani abu, da wadda ya gada a dunƙule, kamar rantsuwa, da ƙirga, da addu'a, da gaisuwa. Ya ga majinyacin da kan ce "a'a" da kansa in an matsa masa, amma in aka ce masa ya maimaita kalmar sai ta gagara. Binciken baya, musamman na Diana Sidtis a Amurka, ya ƙarfafa wannan: raunin hagu yakan bar dunƙulallun maganganu su yawaita a bakin mutum, na dama kuwa yakan rage su.

A nan ne Hausa ta shigo, gama ba kowane harshe ne ya tara irin wannan dukiya kamar namu ba. A ɗauka wani dattijo ne kwance, ɗan'uwansa ya zo dubiya. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya jiki? Da sauƙi. Ina labari? Sai alheri. Mai dubiya ya tashi yana murna, ya je gida ya ce baki ya buɗe. Alhali kuwa a duk hirar nan dattijon bai gina jimla ko ɗaya ba. Yana iya jera Lahadi, Litinin, Talata har Asabar, amma a tambaye shi yau wace rana, sai ya tsaya. Yana iya kawo Fatiha ba tuntuɓe, ya kasa neman ruwan sha. Mugun abin shi ne, da iyali sun ji gaisuwa ta fito lafiya, sai su ɗauka shirun da ya biyo baya taurin kai ne ko fushi. A ganina wannan kuskure ya fi yi wa majinyaci zafi bisa ga ciwon kansa.

(Malaman makarantun horon malamai ba za su rasa ganin ɗan kama a nan ba. Yaron da ya haddace darasi tsaf, da wanda ya iya faɗinsa da kalmomin kansa, ba aiki ɗaya suka yi ba.)

Saboda haka wanda zai auna maganar Bahaushe majinyaci kada ya tsaya ga gaisuwa. Ya nuna masa ƙwarya ko buta ya ce ya faɗi sunanta, ya sa shi ya ba da labarin abin da ya ci jiya. Amma kada a raina abin da ya rage, domin shi ne madogarar masu magani. A 1973 Albert da Sparks da Helm a Boston suka fito da wata hanya ta koya wa majinyaci gajerun jimloli da rerawa, yana buga hannun hagu, sannu a hankali a janye rerawar a bar maganar. Da Turanci aka tsara ta. A Hausa kuwa karin sauti da kansa yake rarrabe ma'ana, kamar kuka na ido da kuka ta miya, don haka duk wanda zai ɗauko hanyar tilas ya sa rerawar ta bi hawa da saukar kalmomin, in ba haka ba ya koya wa mutum wata kalma dabam da wadda yake nufi.