Jinjiri mai tawaya a ƙasan jiki: kada a jira ranar suna

A Kore Mairuwa da sauran garuruwan Arewa, in an haifi jinjiri da tawaya daga ƙugu zuwa ƙasa, wasu kan ce aikin iskoki ne, wasu su ɗora wa uwa laifi. Binciken likitoci ya nuna ba haka ba ne. Ƙarshen ƙashin baya, da hanji, da mafitsara, da ƙoda, da ƙafafu, duka kusa da juna suke tsirowa cikin makonni 8 na farkon ciki. Shi ya sa in ɗaya ya samu cikas, sau da yawa maƙwabtansa ma ba su tsira ba.

Wannan tawaya iri-iri ce. A 1961 likita Bernard Duhamel na Faransa ya bayyana wadda ƙarshen ƙashin baya ba ya cika. Ta fi samun ɗiyan mata masu ciwon sukari. Akwai wadda ƙafafu biyu ke haɗewa kamar wutsiyar kifi, wajen haihuwa 1 cikin 60,000 zuwa 100,000; galibin waɗannan jinjirai ba su da ƙoda mai aiki, ba su daɗewa. A 1973 kuma likitoci Quan da Smith na Amurka suka nuna cewa tawayar ƙashin baya, da ta dubura, da ta hanyar abinci, da ta ƙoda kan taru ga yaro guda. Alamunsu na shiga juna, har likitoci kan yi gardama wajen sa musu suna.

Abin da ya fi shafarmu shi ne toshewar dubura, wadda ke samun jinjiri kamar 1 cikin 5,000, kuma tana gyaruwa da tiyata. Ungozoma, lokacin wankan farko, ki duba dubura da gadon baya da ƙafafu. In an kwana an yini jinjiri bai yi baƙin kashinsa na farko ba, ko ciki ya kumbura, ko yana amai kore, ko nono na shaƙe shi, a kai shi gidan likita a ranar. Kada a huda, kada a ɗura masa jiƙo. Daga nan za a tura shi Dogon Dutsi ko Doso, har zuwa Yamai, inda asibitin Amiru Bubakar Diallo na Lamorde ke yi wa yara tiyata. Asibitin CURE, da aka buɗe a Yamai a 2010, yana miƙe lanƙwasassun ƙafafu. In an ga tawaya ɗaya, a roƙi likita ya binciki ƙoda da zuciya.

Rigakafi ya fi magani. Mai ciwon sukari ta daidaita shi tun kafin ta ɗauki ciki. Binciken 1991 ya tabbatar cewa sinadarin folik, wanda ke cikin ƙwayoyin ƙarin jini na awon ciki, yana rage tsagewar gadon baya in an fara sha tun kafin ciki. Masu gari da malaman yaƙi da jahilci, ku isar da wannan saƙo gida-gida: jinjirin da duburarsa ta toshe ba ya iya jiran kwana 7.