Ranar da akwatin kiɗa ya ƙi magana

Mai karatu, ka taɓa tambayar kan ka ina asalin kiɗan tsofaffin waƙoƙin finafinan mu ya ke? Kaset ɗin da mu ka gada a gida duk ya gaji, wani ya tsinke, wani murya sai ka ce daga cikin rijiya. To ashe akwai kiɗan da ke nan garau a ɓoye cikin tsofaffin kwamfutoci, sai dai fito da shi aiki ne ja. Na ga haka da ido na a gidan wani kawu na a Kano, wanda ya yi sana'ar kiɗan fiyano a zamanin da su 'Sangaya' da 'Wasila' ke tashe.

Abin da ya faru shi ne, wani furodusa da su ka yi aiki tare tun a wancan lokacin ya zo ya na neman kiɗan waƙoƙi uku na wani tsohon fim ɗin sa, don ya sake ɗora murya ya sa a YouTube. Har kafin alƙalami ya bayar. Kawu ya buɗe sito, ya fito da kwamfuta mai Windows 98, da wata leda cike da faifan fulofi, da kuma wani ɗan baƙin akwati mai suna Roland Sound Canvas SC-55. Aka jona komai, aka danna. Shiru kamar an aiki bawa garin su.

Kafin mu ci gaba, bari in yi wa mai karatu bayani. Abin da ke cikin waɗannan faifan ba sauti ba ne, MIDI ne, wato wani yare da kayan kiɗa ke magana da juna da shi, wanda ya fito a 1983. Shi umarni kawai ya ke ɗauka: danna wannan maɓalli, da ƙarfi kaza, sake shi a lokaci kaza. Shi ya sa waƙoƙi da dama ke shiga fulofi ɗaya mai cin megabayit 1.44. Kamar sikirif ne na fim, akwatin kuma shi ne ɗan wasa. In ka ba wani ɗan wasan, labarin na nan, amma armashin ya canza. Shi wannan akwati ya fito a 1991, shekarar da aka kafa tsarin General MIDI mai muryoyin kayan kiɗa 128 da layuka 16, inda layi na 10 ke ɗauke da ganguna.

Ni da na ɗan taɓa karatun difloma, nan take na ce a saka faifan a laftof kawai. Mun samu na'urar karanta fulofi, mu ka gwada. Kai! Sarewar ta koma kamar kukan sauro, gangar kuma tamkar ana dukan bokiti. Kawu ya girgiza kai, ya ce wannan ba kiɗan sa ba ne. Dole dai sai akwatin ya tashi.

Sai mu ka kira wani dattijo mai gyaran rediyo da ke unguwar. Abin da ya burge ni da shi, bai taɓa sukundireba ba sai da ya bi abin daki-daki.

Da farko ya duba wuta. Akwatin ko fitila bai kawo ba. Ashe asalin adaftar ta ɓace, aka ɗauko ta wata na'ura aka cusa. Akwatin na son bolt 9, kuma tsakiyar bakin wayar sa nagetif ne, alhali yawancin adaftocin kasuwa tsakiyar su fozitif ne. Allah ya taimaka bai ƙone ba. Da aka samo wadda ta dace, sai ga sikirin ya kawo haske ruwan lemo. Kawu har da kabbara.

Amma fa har yanzu babu kiɗa. Na biyu, sai ya duba waya. Wayar MIDI mai haƙora biyar ce, kuma ƙa'idar ta ita ce OUT na kwamfuta ya shiga IN na akwati. Mu kuwa mun haɗa OUT da OUT, kamar mutum biyu na ta magana babu mai saurare. Ni na yi wannan aika-aikar, ba zan ɓoye ba. Aka gyara, aka kuma matse ɗaya bakin da ke shiga ƙofar nan mai rami 15 a jikin katin sauti na kwamfutar.

Na uku, cikin Windows. A ɓangaren Multimedia akwai inda ake zaɓar wanda za a tura wa umarnin MIDI, sai mu ka tarar an bar shi a kan ɗan sautin cikin kati. Mu ka maida shi waje. Aka sake dannawa. Shiru dai! A nan zufa ta fara karyo wa kawu, don ya riga ya taɓa kuɗin mutane.

Dattijon nan ko a jikin sa. Ya ce a cire kwamfuta daga lissafi, a ɗauko fiyano a jona kai-tsaye. Dalilin sa shi ne, in akwatin na karɓar saƙo, za a ga wasu sanduna na tsalle a sikirin. Aka danna, ba su motsa ba. Sai ya zare wayar daga baya ya maida ta wata ƙofar MIDI ta biyu da ke gaban akwatin. Wallahi sai ga sanduna na rawa, sauti ya cika ɗaki! Ka ga kenan ciwon na ƙofar baya ne.

Sai a lokacin ya kwance akwatin. Dalmar da ta riƙe ƙafafun soket ɗin ta tsage saboda yawan cirewa da sawa na shekaru. Cikin minti kaɗan ya sake liƙe ta. Ya kuma nuna mana ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe saitin akwatin. Ya riga ya mutu, kuma in aka bar shi ya yi yoyo, sai ya cinye layukan allon da ke ƙarƙashin sa. Aka canza shi, aka goge ƙura.

Da aka saki waƙar farko, kawu ya yi tsit, ya na bin kiɗan da yatsu a kan gwiwar sa. Ni kuwa da aka yi kiɗan ina cikin zanen goyo, sai na ji tsigar jiki na ta tashi. Amma ba a yi farin ciki duka ba. Cikin ukun da ake nema, biyu ne su ka buɗe. Fulofi na uku ya yi fumfuna, ya tafi kenan har abada. Kawu ya maida wa furodusa wani abu daga kuɗin sa, su ka rabu lafiya.

Don haka ina kira ga makaɗan mu na da, da 'ya'yan su da ke gadin sito: ku duba ledojin nan tun da sauran dama. A kwafe faifan zuwa filash, a kuma ɗauki sautin daga akwatin da aka yi kiɗan da shi, a ajiye a wuri biyu. Ku kuma matasa masu neman tsofaffin waƙoƙi a waya, in kun ji wata ta fito fes, ku sani wani ne ya sha ƙura kafin ta iso kunnen ku. Kawu dai ya ce mako mai zuwa za mu buɗe leda ta biyu. Allah ya sa mu tarar da su da rai.