Ne Zha 2 da Gajerun Fina-finan Zane

Fim ɗin zane na ƙasar Sin mai suna Ne Zha 2, wanda darakta Jiaozi ya shirya, ya fito ranar 29 ga Janairu, 2025, lokacin bikin sabuwar shekarar Sinawa. Ya tara fiye da dala biliyan 2, kuɗin da babu fim ɗin zane da ya taɓa samu kafinsa, kuma galibinsu daga cikin Sin suka fito.

An ɗauko labarin daga wani littafin almara na ƙarni na 16. Jarumin hatsabibin yaro ne mai ƙarfin aljanu, wanda ya ƙi yarda da ƙaddarar da aka yanke masa. Gwanintar fim ɗin tana wajen faɗa: dodannin ruwa, wuta da dubban mayaƙa suna gwabzawa a sararin sama, amma ido ba ya rikicewa. Sai dai ya haura awa biyu, barkwancinsa na farko na yara ne ƙwarai, kuma wanda bai kalli kashi na ɗaya na 2019 ba zai sha wuya kafin ya gane wane ne wane.

Gajerun fina-finan zane kuwa wata hanya daban suke bi. In the Shadow of the Cypress na ƙasar Iran, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, minti 20 ne kacal kuma ba a furta ko kalma. Ya nuna tsohon matuƙin jirgin ruwa da tunanin yaƙi ya dame shi, da 'yarsa. Matsalar irin waɗannan gajerun fina-finai ita ce gidajen sinima ba su cika haska su ba. Sai a bukukuwan fina-finai ko a intanet.