Kafintan Da Ya Shugabanci Makarantar Sakandare A Amurka

Cikin watan Satumba na shekarar 2000 aka buɗe wata makarantar sakandare a birnin San Diyego, a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, da ɗalibai wajen 200. Ginin da aka zuba su a ciki yana cikin tsohon sansanin horar da sojojin ruwa wanda Gwamnatin ƙasar ta rufe a 1997. Sunan makarantar High Tech High. Mutumin da aka danƙa wa ragamarta kuwa, watau Larry Rosenstock, aikin da ya fi daɗewa yana yi a gaban ɗalibai shi ne koyar da aikin kafinta. Shekara 11 ya yi yana nuna wa yara yadda ake riƙon zarto da guduma a makarantun Bostan da Kambirij, a Jihar Masacuset. Bayan wannan kuma yana da digirin lauya.

Mai karatu wanda ya saba da tsarinmu na nan gida zai yi mamaki. A wurinmu firinsifal malami ne wanda ya hau matakan aiki ɗaya bayan ɗaya, har Ma'aikatar Ilmi ta ga ya isa ta naɗa shi, in ta ga dama kuma ta ɗauke shi ta kai shi wani gari. A yawancin makarantun Gwamnati na Amurka ma kusan haka abin yake, domin galibin jihohi suna bukatar mutum ya yi shekaru yana koyarwa, ya sami digiri na biyu, sa'an nan ya karɓi takardar shaidar shugabancin makaranta. To amma High Tech High tana cikin wani rukuni ne dabam, wanda Amurkawa ke kira cata, mu kuwa za mu kira su makarantun yarjejeniya.

Ga yadda suke. Wasu mutane, ko malamai ne ko iyaye ko 'yan kasuwa, sai su rubuta wa hukuma cewa suna so su buɗe makaranta, su bayyana abin da za su koyar da yadda za a auna aikinsu. Idan hukuma ta yarda sai a ƙulla yarjejeniya ta 'yan shekaru, sau da yawa biyar. Gwamnati ce ke biyan kuɗi bisa yawan ɗalibai, ba a karɓar ko sisi daga iyaye, ba a kuma yin jarrabawar shiga. In masu nema sun fi gurabe yawa sai a jefa ƙuri'a. Masu makarantar su ke ɗaukar malamansu, su ke tsara lokutan karatu da yadda za a kashe kuɗi. Idan wa'adi ya cika aka ga ba su cika alkawari ba, ana iya rufe makarantar. Dattawan da suka san makarantun mishan da na ƙungiyoyi masu karɓar tallafin Gwamnati, kafin jihohinmu su karɓe su a shekarun 1970, za su ga ɗan kama, ko da yake ba ɗaya ba ne. Ƙididdigar Gwamnatin Amurka ta 2021 ta nuna akwai irin waɗannan makarantu kimanin 7,800, da ɗalibai miliyan 3.7, watau wajen kashi 7 cikin 100 na yaran makarantun Gwamnati.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, dokokin jihohi da dama, har da Kalifoniya, ba su tilasta wa shugaban makarantar yarjejeniya ya riƙe waccan takardar shaida ba. Ƙofa ta buɗe ke nan. Lauyoyi sun shigo, 'yan jarida sun shigo, haka 'yan siyasa da 'yan kasuwa.

Da farko dai ba domin su aka yi tsarin ba. Wani malamin jami'a mai suna Ray Budde ne ya fara kawo shawarar tun 1974, ba wanda ya kula, sai a 1988 da Albert Shanker, shugaban ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin malamai biyu na ƙasar, ya ɗauke ta ya yayata. Nufinsa shi ne a sakar wa ƙwararrun malamai mara su gwada sababbin dabaru a kan yaran da makaranta ta gaza da su. Jihar Minisota ta yi doka ta farko a 1991, a 1992 kuma aka buɗe City Academy a birnin Sen Pol. Makarantar sakandare ce ƙarama, ta samari da 'yan matan da suka riga suka bar karatu, kuma malamai ne suka kafa ta, cikinsu har da wata mai suna Milo Cutter wadda ta daɗe tana riƙe da ita. Kalifoniya ta bi sahu da tata dokar a 1992.

Mu koma ga kafinta. Garin Kambirij da ya yi aiki, ba na Ingila ba, shi ne mazaunin Jami'ar Habad, kuma ya daɗe yana da makarantun sakandare biyu: ɗaya ta masu niyyar zuwa jami'a, ɗaya ta koyon sana'a mai suna Rindge. An haɗe su a 1977, amma haɗe suna bai haɗe yara ba. Abin da Rosenstock ya gani daga ɗakin aikin katako, kuma ya yi ta maimaitawa a tsawon aikinsa, shi ne cewa 'ya'yan talakawa ake turawa sashen aikin hannu, 'ya'yan masu hali kuwa a tura su sashen aikin ƙwaƙwalwa, tun suna 'yan shekara 14 an riga an yanke musu hukuncin abin da za su zama. A ganinsa an cuci ɓangarorin biyu. Yaron da ke auna katako yana yin lissafi bai sani ba, ba wanda ya gaya masa. Wanda ke haddace lissafin kuwa bai taɓa ganin abin da ake yi da shi ba.

Ya kammala karatun lauya a Jami'ar Bostan, ya yi aiki shekara biyu a wata cibiyar shari'a da ilmi mai alaƙa da Habad, inda ya ba da gudummawa wajen tsara gyaran dokar tarayya ta ilmin sana'a ta 1990. Daga baya ya zama shugaban sashen Rindge ɗin nan da ya koyar a ciki. Sa'an nan Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sa shi jagorancin wani bincike a kan makarantun sakandare na cikin birane, shi da abokin aikinsa Rob Riordan, wanda shi ma tsohon malami ne a Kambirij. Suka zaga ƙasa suna duba makarantun da ke yin abin kirki da 'ya'yan marasa galihu, suka fito da ƙa'idoji uku: kowane yaro ya zama akwai babban da ya san shi sosai, karatu ya haɗu da aikin manya na waje, kuma a ɗora dukan ɗalibai kan manufa ɗaya ba tare da an ware masu ƙoƙari daga marasa ƙoƙari ba.

A can San Diyego kuwa, tun 1996 wasu shugabannin kamfanoni da na gari kimanin 40 suke ta zama suna kukan rashin ƙwararrun ma'aikata 'yan gari. Jagoransu shi ne Gary Jacobs, ɗan Irwin Jacobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Qualcomm. Suna da kuɗi da faɗa a ji, kuma da sun so da sun ɗora wani manajansu a kan makarantar. Ba su yi haka ba. Suka nemo Rosenstock, wanda a lokacin ya riga ya koma garin yana riƙe da wata gidauniyar taimako. A ganina wannan shi ne mataki mafi hikima da suka ɗauka, ya ma fi kuɗin da suka zuba muhimmanci.

Duk wanda ya duba tsarin makarantar zai ga hannun kafinta a ciki. Darussa sun ginu ne a kan ayyuka: ɗalibai su ƙera wani abu, ko su rubuta littafi, ko su yi binciken ruwan gaɓar teku, malamin kimiyya da na adabi su haɗu a kan aiki guda. A ƙarshen zango ana baje kolin ayyukan, iyaye da mutanen gari su zo su yi wa yara tambayoyi, kamar dai yadda mai saye ke jijjiga kujera ya ga ko ƙafarta za ta riƙe. 'Yan aji na kusa da ƙarshe suna zuwa kamfanoni da ofisoshi koyon aiki. Hannun lauya kuwa ana ganinsa a wurin da baƙo ba ya dubawa. Ƙuri'ar shiga makarantar an tsara ta bisa unguwanni, domin kada 'ya'yan shiyya ɗaya su cika gurabe. A 2004 makarantar ta sami izinin horar da malamanta da ba su takardar shaidar koyarwa, a 2007 kuma ta buɗe kwalejin ilmi mai ba da digiri na biyu. Irin wannan izini ba ya samuwa sai ga wanda ya san doka, ya kuma iya zaman ofis. Makaranta ɗaya ta haifi wasu har suka kai 16, daga firamare zuwa sakandare, kuma a 2019 aka ba Rosenstock lambar yabo ta WISE a birnin Doha na ƙasar Katar.

Abin lura a nan shi ne, shugabancin irin wannan makaranta aiki biyu ne a wuyan mutum ɗaya. Firinsifal na makarantar Gwamnati yana da ofishin ilmi a bayansa wanda ke biyan albashi, ya gyara rufi, ya amsa ƙara a kotu. Na makarantar yarjejeniya ba shi da kowa. Shi zai nemo gini, ya tsara kasafi, ya shawo kan hukuma in wa'adi ya zo, kuma duk da haka ya shiga aji ya gane ko malami yana koyarwa ko yana cika lokaci ne kawai. Samun mutum ɗaya mai waɗannan hannuwa biyu abu ne mai wuya, shi ya sa wasu suka raba aikin. Makarantar North Star da aka buɗe a birnin Newark a 1997 mutum biyu ne suka kafa ta: Norman Atkins, tsohon ɗan jarida wanda ya taɓa shugabantar wata gidauniyar yaƙi da talauci a Niyu Yok, da James Verrilli, malamin aji. Ƙungiyar Uncommon Schools da ta tsiro daga nan ta mayar da wannan doka, watau kowace makaranta tana da firinsifal mai kula da koyarwa kaɗai, da kuma daraktan gudanarwa mai kula da kuɗi da gini da abinci da motoci.

Akwai kuma waɗanda suka shigo ta wata hanya. Eva Moskowitz tana da digirin dakta a fannin tarihi, ta koyar a jami'a, ta kuma zama kansila a Niyu Yok inda ta shugabanci kwamitin ilmi, kafin ta buɗe makarantarta ta farko a unguwar Harlem a 2006. Ɗalibanta sun yi fice a jarrabawar jiha, wannan ba gardama. Amma masu suka sun riƙe wani lissafi: daga cikin yara 73 da suka fara a 2006, 16 ne suka kammala sakandare a makarantar a 2018. Magoya bayanta suna cewa shekara 12 lokaci ne mai tsawo, iyaye suna ƙaura. Masu suka suna cewa tsananin horo ne ke korar raunana.

Ƙofar da kafinta ya shigo ta cikinta, ita ce kuma ɓarawo ya bi. A 2019 masu gabatar da ƙara na gundumar San Diyego ɗin nan suka gurfanar da mutum 11 a kan wani kamfani mai suna A3, wanda ke riƙe da makarantun yarjejeniya 19 masu koyarwa ta intanet. Zargin shi ne an cika rajista da sunayen yaran da ba sa ɗaukar darasi domin a karɓi kuɗin Gwamnati, aka karkatar da miliyoyin daloli. Manyan biyu sun amsa laifinsu a 2021. Su ma ai sun iya kasafi, sun kuma san doka sarai.

Binciken masana ma bai ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. Wata cibiya ta Jami'ar Stanford ta gano a 2009 cewa a fannin lissafi kashi 17 cikin 100 ne kawai na makarantun yarjejeniya suka fi takwarorinsu na Gwamnati, kashi 37 kuwa sun kasa su. A rahotonta na 2023 al'amarin ya juya, ɗaliban makarantun yarjejeniya suka ɗan shiga gaba a karatu da lissafi. Tsakanin rahotannin biyu an rufe makarantu da yawa, jihohi da dama kuma sun tsaurara tantance masu neman izini. Ita kanta High Tech High akwai masu tambayar ko yaron da ya shafe wata guda yana ƙera abu ɗaya bai rasa wani sashe na manhaja ba, tambaya ce kuwa da ta cancanci amsa.

Shanker bai daɗe ba ya juya wa tsarin baya. Tun kafin rasuwarsa a 1997 ya fara kokawa cewa abin da aka yi domin malamai ya koma hannun waɗanda ke neman hanyar kauce wa malamai da ƙungiyoyinsu. A High Tech High malamai suna da 'yancin tsara darussansu fiye da yadda aka saba gani, amma a da kwantaragin shekara ɗaya-ɗaya suke aiki da shi, wanda ake iya ƙin sabuntawa. Sa'ad da makarantar take ƙarama, wanda ya kafa ta kuma yana yawo a baranda ya san kowa da sunansa, ba a cika jin ƙorafi ba. Da makarantu suka yawaita, ofishin tsakiya ya girma, shugabanci ya fara sauya hannu, sai malaman suka haɗa kai a 2021 suka kafa ƙungiyar ƙwadago, suna neman ƙarin albashi, da tabbacin aiki, da kuma a riƙa jin ta bakinsu kafin a yanke shawara.