Dajin da ke Kwance a Ƙarƙashin Gona

Wanda ya bi hanyar Matamaye zuwa Magarya a jihar Damagaram da rani zai ga gonaki fayau, sai kara da tsaiwa, amma gawo ya yi kore shar, awaki sun taru a gindinsa suna tsintar 'ya'yansa. Damina na sauka, sauran itatuwa su fara tofo, shi kuwa ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Wannan baƙar al'ada tasa ita ce arzikin manomi. Ganyen ya zuba daidai lokacin shuka, ya ruɓe ya zama taki, rassan kuma ba su tare wa gero rana ba. Gawo ɗan'uwan wake da gyaɗa ne: a saiwarsa akwai ƙananan halittu masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye a ƙasa, wato abin da ake sayen buhun yuriya domin sa. Dabbar da ta sha inuwa ma ba ta tashi sai ta bar kashi.

Ilimin muhalli ke nan a gona guda: ba abin da yake zaune shi kaɗai. Ganye ya ciyar da ƙasa, ƙasa ta ciyar da gero, kara da 'ya'yan itace su ciyar da dabba, dabba ta mayar wa ƙasa. Ɗorewa kuwa, da ake ta ambata a tarurruka, ba ta wuce kada a ɗebi fiye da abin da ƙasa za ta iya maidowa ba.

An taɓa karya wannan ƙa'ida a kudancin Nijar. Jama'a ta ƙaru, aka daina barin saura ta huta, aka koya wa manoma cewa gona mai tsabta ita ce wadda ba itace ko ɗaya. Ga kuma dokar daji da aka gada daga Faransawa, wadda ta sa itace ya zama na hukuma. Wa zai yi rainon abin da in ya sari reshensa malamin daji zai ci tararsa? Da farin shekarun 1970 da na 1984 suka zo, suka tarar da ƙasa ba mayafi. Iska ta riƙa binne tsiro da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, kafin ta kama.

An yi ta dashe, mafi yawa ya mutu. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya tsaya rage iskar taya don motarsa ta iya yashi, sai ya duƙa ya duba ɗan tsiron da kowa ke sharewa da sassabe. Ashe ba ciyawa ba ce, kututturen itacen da aka sare ne yake tofo, saiwarsa na nan da rai tana shan ruwa can ƙasa. Kalgo, sabara, magarya, duk suna kwance suna jira.

Dabarar rainon wannan tofo ba ta da wuya. Maimakon a aske tofon duka, sai a zaɓi sanduna biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a rage musu rassan ƙasa, a sare sauran a kai murhu. Da yake saiwar tsohuwa ce, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Mutanen Maraɗi suka sa mata suna sassaben zamani, ko da yake ni ina ganin zamanin a suna ya tsaya, tunda kakanni ma sukan bar gawo a gona. Da tsohuwar zuma aka yi maganin.

Ba a karɓe ta da hannu biyu ba. A yunwar 1984 an haɗa ta da rabon abinci, rabo na ƙarewa mutane da yawa suka sare abin da suka raina. Waɗanda suka bar nasu suka samu itacen girki, da harawa, da abin kai wa kasuwa, maƙwabta suka gani da ido. Hukuma ma ta sassauta, har dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen gonarsa. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a suka kafa kwamitin tsaro don maganin masu sara da dare. A ganina wannan ya fi almakashi da gatari muhimmanci: mutum ya tabbata abin nasa ne.

Da masu bincike suka gwama tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, galibinsu ba wanda ya dasa. Hotunan sun nuna wani abu kuma da ya kamata ya hana mu barci a ɓangaren Najeriya: a wurare da dama a kan iyaka, gonakin Nijar sun fi na Najeriya itatuwa, alhali ruwan sama ya fi sauka a kudu.